Dattijon da Ya Ƙi Zama a Tashar Dutse

Motar Aujara ba ta cika ba, Zulfa mai kwaɗon zogale kuwa ta gaji da kallon wani dattijo yana ta zagaye ta.

"Baba, wani abu ka yar ne?"

"Ƙarfina nake nema, 'yata. Ciwon daji ya ɗauke shi bara. Likitan Zariya ya ce in sha magani, amma kada in lafe a tabarma. Zuba min kwaɗon, ki cika ƙuli."

"Mai wannan ciwon da ƙuli? Ai koko ake ba shi, a lulluɓe shi."

"Haka ƙannena suka yi min har na kasa ɗaga buta. Yanzu kullum sai na taka zuwa gona. Ƙwai, wake, nono, ba na raina ko ɗaya. Jiya ni na kamo akuyarmu da ta tsinke."

"To in ya ce bakinsa ɗaci fa? Ko kifi na kai masa sai ya kau da kai."

Dattijon ya tsaya ya dube ta. "Wa?"

Zulfa ta sunkuyar da kai. "Maigidana. Tun damina bai leƙa zaure ba."

"Ba shi kaɗan-kaɗan, ki matsa lemon tsami. In likitansa ya yarda, gobe ki raka shi ƙofar gida."

"In ya ƙi fa?"

"Ki ce wani tsoho ya ce ya fi shi gudu."

Ta yi dariya har da hawaye. "Baba, ba ka san shi ba. Yau ma zai nemi takalminsa."