Sandar Baba

A tashar Talata Mafara, Hidaya na rungume da ledar magungunan mahaifinta, tana jiran motar Maradun ta cika, sai wata dattijuwa ta zauna kusa da ita tana maida numfashi. Suka gaisa.

"Inna, lafiya kike haki haka?"

"Daga asibiti na tako, ɗiyata. Zuciya ce. Sau ukku tana kwantar da ni."

"Da ciwon zuciya kika tako da ƙafa? Ga babura nan birjik."

"Likita ya ce in riƙa takawa, ban da gaggawa. Na bar daka, na bar ɗaukar tulu, gishiri ma mun yi sallama. Amma kullum da safe sai na je na duba kuɓewata a Faru. In numfashi ya yanke, in zauna. In ya dawo, in tashi. Bara ban zaci zan ga damina ba, ga ni ina tsinka da hannuna. Alhamdu lillahi."

"Baba ma zuciyar ce. Mu ko masallaci mun hana shi zuwa."

"Likita ya hana?"

Hidaya ta sunkuyar da kai. "Ni na hana. Har sandarshi na ɓoye. Tun ranar bai ƙara tambayata labarin gona ba."

"Tsoro ne, ɗiyata, nawa ɗiyan ma sun yi. Ki tambayi likitanshi. In ya yarda, ki fiddo mishi sandar."

"In ya faɗi a hanya fa?"

"Ai ba shi kaɗai za shi ba. Ke mi ƙafarki ke yi?"