Farar da Ta Zubo da Kanta

Assalamu alaikum ɗana mai gabatar da shiri, da duk masu saurare. Ni ne Baba Isiyaku, daga wani ƙauye kusa da Hajj Abdalla.

Bana da aka fesa wa auduga maganin ƙwari, fara ta yi ta zubowa a bakin hawasharmu, wato gonarmu, ko tashi ba ta iya yi. Kajinmu suka ci suka ƙoshi. Mai ɗakina Hajja Rabi ma ta cika kwano, ta soya da yaji yadda muka gada. Ni haƙora sun ƙare, ban ci ba. Ta ce, "Malam, tsufa ya cuce ka."

Ba a jima ba kajin suka fara tafiya kamar mashaya, wuya a murɗe, yawu yana zuba. Zakaran ma ya kasa gane ƙofar akurki. Wani likitan dabbobi da yaƙi ya koro garinmu ya fasa kan guda. Ya ce ƙwaƙwalwa yawancinta kitse ne, irin wannan magani kuma kitsen yake shiga ya ɓata. Na ce to. Kajin suka mutu muka binne su, ban ji komai a raina ba.

Yanzu hannun Hajja ke rawa. Jiya kofin shayi ya suɓuce mata, ta tsaya tana kallonsa a ƙasa. Ta ce wai sanyi ne. Asibitin da muka sani kuwa ba kowa a ciki.

Masu ilimi, ku gaya mini: kitsen kai in ya taɓu, yana komawa daidai? Hajja tana zaune kusa da rediyo, don Allah ku sassauta amsar.