Kujeru Biyu Zuwa Kano

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Zamfara mazauna Jidda, Alhaji Ɗahiru. Limaminmu Malam Rabi'u. Iya, mahaifiyar marigayi. Maiɗakinsa Wasila da 'yarsu Nana Khadija. 'Yan'uwa duka, sannunku da haƙuri.

Shekarata goma sha ɗaya rabona da Bungudu. A jihar Sakkwato na baro ta, yanzu an ce a Zamfara take, ban gani da idona ba. Cikin shekarun nan na ga mutane iri-iri, yawancinsu gara in yi shiru. Marigayi Lukuman Kucheri dai zan faɗa.

Ya kasance wakilin wani ɗan kasuwa, kullum yana sama, yau Dubai gobe Alƙahira. Kamfanin jirgin da yake hawa yakan rubuta masa maki gwargwadon nisan tafiya, in sun taru a ba shi kujera kyauta. Sai dai jirgin kamfanin ba ya zuwa Kano, na abokin hulɗarsu ne ke zuwa. Na taɓa tambayarsa dalilin da zai sa jirgin da bai ci kwabonka ba ya ɗauke ka. Ya yi dariya, ya ce kamar ban taɓa shiga motar Gusau aka sayar da ni a Tsafe ba. Direban farko ya karɓi kuɗinka, ya miƙa ka ga na biyu, su daidaita a bayan mota. Haka kamfanonin suke: wanda ya yi alkawari shi ke biyan wanda ya ɗauka, a kan ɗan farashin da suka yanke. Shi ya sa mai ɗaukar yake ƙyashin kujerun, ɗaya ko biyu yake saki.

Ya kasance mai ƙin abin da ya ƙi. Sau biyu na roƙe shi makin nan, ya ce, "Kai da ƙafarka da ƙarfinka? Suna da masu su." Na yi fushi, kuma ban ɓoye ba. Shi ma bai taɓa hawa da su ba.

Da ciwo ya kwantar da shi muka san masu su. A ƙa'idar kamfanin, maki na mutuwa da mai shi, a dokar ƙasar nan kuma takardar zaman iyalinsa ma haka. Mutumin da ba ya iya ɗaga kofi, kowace safiya sai an kara masa waya a kunne yana tambaya ko an saki kujerar Kano. Mu muna kallon mutuwa, shi yana jiran kujera. Ikon Allah, aka saki biyu ranar Talata, ya sa sunan Wasila da Nana, Laraba ya cika.

Wasila, Malam ya ce tafiyar lalura ce, ki ƙarasa takaba can gida. Iya, ke da kika zo jinya, makin bai kai gare ki ba, kuma da wannan damuwar ya tafi.

Mun gode wa duk wanda ya zo. Allah Ya gafarta wa Lukuman, Ya haskaka kabarinsa, Ya kai iyalinsa gida Tsafe lafiya.

Tikitin Iya riyal dubu biyu da ɗari uku ne, jirgin kuma ranar Alhamis zai tashi. Abin da na iya tarawa dubu ɗaya da ɗari tara. Ga shi a gaban shugaba. Saura ɗari huɗu.