Maganar da Na Kasa Faɗa wa Surukata

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Kun san ni da yawan baki. Na yi wa masu wa'azi tafinta a Kamaru da Gana, da Turanci da Fulatanci da ɗan Faransanci. Amma ranar da ran jikata ya rataya a bakina, shiru na yi.

An haife ta a garin Dayi da toshewar hanji, aka yi mata tiyata a babban asibiti. Ubanta yana kudu wurin aiki, saboda haka ni na raka uwar, surukata Rifkatu.

Bayan tiyata sai zawo, yarinya tana ta ramewa. Likitar ba ta jin Hausa. Ta bayyana mini cewa a cikin kowane jariri akwai ƙananan halittu masu amfani da ke taimakon hanji, kuma tiyata da magunguna masu ƙarfi sun share nata, kamar gonar da feshi ya cinye ciyawa har da shuka. Ta ce nonon uwa ne zai sake shuka su. A riƙa tatsa ana ba ta kaɗan-kaɗan.

A wasu ƙasashe na ga ana irin wannan magana a gaban kowa. Amma a nan, yaya suruki zai ambaci nonon matar ɗansa? Na juya na ce wa Rifkatu likita ta ce mu dage da addu'a. Na sa sunan Ubangiji na rufe kunyata!

Kwanaki suka wuce ana ba yarinyar madarar gwangwani, cikinta yana kumbura. Wata safiya na durƙusa a gindin darbejiya ina roƙo. Ban ji wata murya ba. Na dai gane cewa Allah ya riga ya amsa, ni ne na riƙe amsar.

Na shiga ɗakin, na fuskanci bango, na faɗa wa Rifkatu duk abin da likitar ta ce.

"Baba," in ji ta, "kullum sai na tatse na zubar a bayan gida. Na ɗauka an hana."

Har yau ban iya tuna wannan ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Aka fara ba yarinyar nonon, sannu a hankali zawon ya tsaya. Ga jikar tawa can a bayan uwarta, tana jan ɗankwali. Godiya ga Yesu! Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, kuma in ya ba ku saƙo, ku isar.