Ranar da 'Yan Baƙa da 'Yan Fara Suka Kai Kuka Tare

Assalamu alaikum.

Mai girma shugaban wannan ƙungiya, alƙalan gasa da suka yini suna shan ihu, mai zauren nan da ya ara mana kujeru, iyayenmu da aka janyo ba su ma san abin da ake bugawa ba, 'yan Baƙa da ke damana, 'yan Fara da ke haguna, ina gaishe ku baki ɗaya. Ina godiya da aka ba ni dama kafin miƙa kofi, kuma na san dalili: na zauna tsakanin ɓangarorin nan biyu, na fito da raina.

Da farko, domin baƙinmu: Baƙa da Fara na'urorin gem ne, wato wasan bidiyo, na kamfanoni biyu. Maigidana Dogo ɗan Baƙa ne, ƙanina Tela ɗan Fara. Sun yi musu a falo, sun yi musu a mota, sun yi musu a kan abinci, har ta kai Tela ya daina hawa motar Dogo, ya zo gidana ya gaishe ni daga bakin ƙofa ya juya. Abin ya fara ba ni dariya, ya koma ba ni tsoro.

Na biyu, abin da kowa ke ɓoyewa. Baƙar Dogo ta kama zafi, ana tsakiyar wasa sai ta ɗauke. Ya sayo fanka ya kafa mata, ya ce wai shi ne ke jin gumi. Shi kuwa Tela, hannun da yake riƙewa ya buga wasan ne ya lalace, ɗan wasansa na cikin allo ya riƙa zarcewa hagu shi kaɗai. Na gani a shagonsa na tambaye shi, ya ce, "Yaya, salo ne, ba za ki gane ba."

Sai na gayyace shi cin abinci, na ce ya taho da hannun. Da Dogo ya kunna Baƙa ya fara wasa, sai na zare fankar a ɓoye. Ba a je ko'ina ba Baƙa ta ɗauke. Tela ya miƙe zai yi shewa, na ce, "Zauna. Gaya wa yayanka Dogo inda ɗan wasanka ke zuwa."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hagu."

Dogo ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Wallahi tawa ko ƙwai aka fasa mata sai ya soyu."

Washegari suka shiga mota ɗaya zuwa wurin dillalin na'urorin. Da labari ya bazu, sai ga 'yan ƙungiya suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da ya daɗe yana rufewa. Aka kai kuka tare, aka canza wa Tela hannu, aka gyara wa Dogo na'ura.

Na uku, jama'a, ku so abinku, ku yi masa kirari, ku tsokani juna. Amma kamfanin da kuke ɓata zumunci dominsa bai san sunanku ba, kuma ba ya gyara abin da kuka rantse lafiyarsa ƙalau. Idan kaya ya yi kyau, ku yaba. Idan ya lalace, ku faɗa da babbar murya.

Allah ya ba wanda zai ɗauki kofi tawali'u, ya ba wanda aka lallasa haƙuri, ya ƙara mana zumunci, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.