Sunayen Masu Taki a Kwamfuta

A tashar Rano, wani ma'aikacin ofis daga Kibiya yana jiran motar Kano da kwamfuta a cinyarsa, wani dattijo na gefensa.

"Malam, lafiya ka rungume ta kamar jaririya?"

"Ina fa lafiya, Baba. Tunda aka sabunta mata manhaja take jero saƙon matsala iri ɗaya ba ƙaƙƙautawa. Jiya na gaji na goge komai, saƙon bai daina ba."

"Me ke cikinta?"

"Sunayen manoman Kahu da za a ba taki."

Dattijon ya yi salati. "Har su ka goge? Kwana uku ina bin layi kafin a rubuta ni."

"Kwantar da hankalinka, za mu sake rubuta waɗanda muka sani."

"To ni, ka san ni?"