Mai Saƙon Ruwa

A tashar Kura, ana jiran mota ta cika, Muhsina ta ja wa wayarta tsaki, har wani dattijo da ke tsaron kwandunan tumatirinsa ya juyo.

"Lafiya, 'yata?"

"Baba, wata lambar yabo nake nema, ta masu taimakon jama'a da fasahar zamani. Wai sai na kawo hujja, hotunan taro da rubuce-rubuce a intanet. Ni kuwa aikina duk saƙon murya ne. Ina sanar da manoma ranar da za a saki ruwan noman rani a kanal, su saurara su goge."

"Ai dole mu goge, wayoyin namu ba su da wurin ajiya." Sai ya karkato kunne. "Tsaya. Ce min, 'Mutanen Bunkure, a share hanyar ruwa.'"

Ta faɗa tana murmushi.

"Ikon Allah, ke ce! Ni fa na ɗauka wata ƙatuwar Hajiya ce a ofis. Ai tumatirin nan da muryarki ya sha ruwa. Jama'a, ku zo ga mai saƙon ruwa!"

Fasinjoji suka yo caa, wannan yana ba da labarin albasarsa, wancan na masararsa.

Dattijon ya ce, "To ga hujja ta kawo kanta. Ɗauke mu a bidiyo, ki tura wa masu lambar."

Muhsina ta ɗaga waya ta danna, sai ta tuntsire da dariya.

"Baba, ta ce babu wuri. Saƙonnin godiyarku ne suka cika ta, ni kuma na kasa goge ko ɗaya."